Ƙyanƙyasar ƙwai da inji da renon ƴan tsaki: abin da ya kamata mai kiwo ya sani

A Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, masu sayen ƙaramin injin ƙyanƙyasar ƙwai sai ƙaruwa suke yi: matan aure, ƴan fansho, matasa masu neman sana'a, da ƙungiyoyin mata. Dalilin a fili yake. Kazar gida takan yi ƙwai 10 zuwa 15, ta kwanta musu kwana 21, sannan ta share kusan wata biyu tana yawo da ƴaƴanta kafin ta koma yin ƙwai. A shekara ba ta wuce kwanci uku ko huɗu. Inji kuwa yana ɗaukar ƙwai 50 ko 100 ko fiye a lokaci guda, kazar kuma ta ci gaba da nata aikin na saka ƙwai.

Sai dai da yawa daga cikin waɗanda suka sayi injin sukan jingine shi bayan gwaji biyu ko uku, saboda ƙwan ya zama baragurbi ko ƴan tsakin sun mutu a makon farko. Galibi matsalar tana cikin abubuwa kaɗan da aka sani, kuma ana iya kauce musu. Ga bayaninsu daki-daki.

Injin da ire-irensa

Ƙyanƙyasa ba tare da kaza ba tsohuwar sana'a ce. Mutanen Masar sun yi fiye da shekara 2000 suna ƙyanƙyashe ƙwai a ɗakunan laka da ake ɗumamawa da wuta. Injin yau, wanda masu jin Faransanci ke kira couveuse, akwati ne da ke kwaikwayon abu huɗu da kaza mai kwanci ke yi: ba da zafi, riƙe laima, juya ƙwai, da barin iska ta shiga.

Iri biyu ne manya. Akwai mai fanka, wanda ke kaɗa iska ta yadda zafin ko'ina a cikinsa ya zama ɗaya. Akwai kuma marar fanka, wanda samansa ya fi ƙasansa zafi. Yawancin waɗanda ake ƙerawa a gida da katako ko tsohon firji, da masu aiki da fitilar kananzir, irin wannan ne idan ba a sa musu fanka ba. Ta fuskar juyi ma biyu ne: mai juya ƙwai da kansa, da wanda sai an juya da hannu. Ga mai zama inda wuta ke yawan ɗaukewa, injin da ke karɓar wutar NIGELEC da kuma batir mai bolt 12 ya fi zama alheri, ko da ya ɗan fi tsada.

Ƙwan da ya dace

Inji ba ya sa rai a ƙwan da babu zakara. Ƙwan gidan gona da ake sayarwa don ci, na kajin turawa masu ƙwai, ba ya ƙyanƙyashewa, domin ba a haɗa su da zakaru. Ƙwan kasuwa na kajin gida ma caca ne: ba a san ranar da aka saka shi ba, kuma ya sha rana da girgizar mota.

Abin da ya fi shi ne ƙwan garken mutum na kansa, ko na wani mai kiwo da aka amince da shi. Zakara ɗaya lafiyayye ya ishi kaji 8 zuwa 10. Idan sabon zakara ne, a jira kamar mako guda kafin a fara tara ƙwan. A riƙa canza zakara daga wani gida lokaci-lokaci, saboda barbarar dangi na kusa tana rage ƙyanƙyasa, tana kuma kawo ƴan tsaki marasa ƙwari. Kajin da ba sa samun isasshen abinci suna iya yin ƙwai, amma ɗan tayin da ke ciki kan mutu a hanya.

Wajen zaɓe, a ɗauki ƙwai matsakaici mai siffar da aka saba. A bar mai tsananin girma, domin sau da yawa gwaiduwa biyu gare shi. A bar ƙanƙane ƙwarai, da mai tsagewa ko da kamar silin gashi ne, da mai laushin ɓawo, da wanda kashi ya ɓata sosai. Kada a wanke ƙwai da ruwa. Ɓawon yana da dubban ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, kaza kuma tana lulluɓe shi da wata siririyar kariya lokacin saka shi. Ruwa na wanke kariyar, ya tura ƙwayoyin cuta ciki. Idan dattin kaɗan ne, a goge da busasshen ƙyalle.

Ajiya kafin a sa a inji

Nan ne asarar farko take faruwa a ƙasarmu. Zafin da ya dace da ajiyar ƙwan ƙyanƙyasa shi ne digiri 15 zuwa 18. Da zarar zafi ya haura digiri 25 zuwa 27, ɗan tayin yakan fara girma a hankali, da rana ya motsa, da dare ya tsaya, har ya galabaita tun bai shiga inji ba. Firji kuma ya yi sanyi da yawa.

Dabarar da ta fi sauƙi ita ce tukunyar ƙasa a wuri mafi sanyi na gida: a binne gindinta cikin yashi mai danshi, a jera ƙwan a ciki kan ƙyalle ko ƙaiƙayi busasshe, a rufe da jiƙaƙƙen buhu wanda ba ya taɓa ƙwan. A riƙa kwashe ƙwai daga akurki sau biyu ko uku a yini. A ajiye shi tsininsa na kallon ƙasa, faffaɗan kan yana sama, domin a nan gurbin iska yake. A rubuta ranar da aka saka kowane ƙwai da fensir.

Ƙwan da bai wuce kwana 7 ba shi ya fi ƙyanƙyashewa. Bayan kwana 10 raguwar tana bayyana sosai. A lokacin bazara, gara a taƙaita ajiyar zuwa kwana 3 ko 4. Ƙwan da aka kawo daga ƙauye a mota ko a babur, a bar shi ya huta kamar awa 12 kafin a sa shi a inji.

Shirya injin

A ajiye inji a ɗakin da rana ba ta faɗa masa, nesa da taga da ƙofa, a kan tebur da ba ya girgiza, inda yara ba sa kaiwa. Ɗakin laka mai rufin ƙasa ya fi ɗakin kwano riƙe yanayi ɗaya dare da rana. A wanke injin, a goge shi da ruwan jabel da aka sirka, a bar shi ya bushe, sannan a kunna shi babu ƙwai har awa 24 ana lura da shi.

Kada a dogara da lambar da allon injin ke nunawa kaɗai. Ƙananan injuna da dama suna kuskure da rabin digiri ko fiye, wannan kuwa ya isa ya ɓata aiki. A sayi ma'aunin zafin jiki na kantin magani, a ajiye shi daidai tsayin saman ƙwan, a kwatanta. Bayan an zuba ƙwai zafin zai sauka na ƴan awoyi. Kada a ƙara, zai hau da kansa.

Ranar da aka sa ƙwai ba a ƙirga ta. Idan an sa ranar Juma'a da safe, Asabar da safe ne kwana 1, ƙyanƙyasa kuma za ta faɗo Juma'ar mako na uku. A sa dukan ƙwan rana ɗaya. Ƙara sabon ƙwai kullum cikin inji guda yana rikita lissafi, domin mai kwana 5 da mai kwana 19 buƙatarsu daban ce.

Zafi, laima, juyi da iska

Zafi. A inji mai fanka, digiri 37.5 zuwa 37.8 ake nema. A marar fanka, 38.5 zuwa 39 idan aka auna a saman ƙwan. Zafin da ya ɗan yi yawa yana sa ƴan tsaki fitowa da wuri, ƙanana, cibiyarsu ba ta rufe ba. Wanda ya yi kaɗan yana jinkirta su zuwa kwana 22 ko 23. Yawan zafi ya fi ƙarancinsa haɗari: ƴan awoyi sama da digiri 40.5 suna iya kashe duk abin da ke cikin injin.

Laima. Daga kwana 1 zuwa 18, a riƙe ta tsakanin kashi 50 da 55 cikin 100. A kwana ukun ƙarshe a kai ta 65 zuwa 70. Faɗin fuskar ruwan ne ke ƙara laima, zurfinsa ba ya ƙara komai. Faranti biyu marasa zurfi sun fi kofi ɗaya cike. Manufar ita ce ƙwan ya rasa kashi 11 zuwa 13 cikin 100 na nauyinsa kafin kwana 18, ta yadda gurbin iska zai yi girman da ɗan tsako zai fara numfashi a ciki. Mai ƙaramin sikeli yana iya bincikawa: ƙwai 30 da suka auna giram 1500 ranar farko, ya kamata su kai wajen giram 1320 a kwana 18. Idan sun fi haka nauyi, laima ta yi yawa; idan sun gaza, ta yi kaɗan.

Juyi. Kaza tana juya ƙwanta sau da yawa a yini don kada ɗan tayi ya manne wa ɓawo. Inji mai juyi da kansa yakan karkata ƙwan kowace awa ɗaya ko biyu. A riƙa dubawa ko da gaske yana yi. Mai juyi da hannu ya yi aƙalla sau 3 a yini, sau 5 ya fi. A zaɓi lamba mara, 3 ko 5, don kada ƙwan ya kwana a gefe ɗaya dare biyu a jere. A sa alama da fensir a gefe biyu na kowane ƙwai don a gane wanda aka juya. A wanke hannu kafin a taɓa, musamman bayan girki ko taɓa kananzir. Ana daina juyi a ƙarshen kwana 18.

Iska. Ɗan tayi yana numfashi ta ƙofofin ɓawo, buƙatarsa kuma tana ƙaruwa yayin da yake girma. Kada a toshe ramukan iskar injin don neman laima ko zafi. A mako na uku ma ƙara buɗe su ake yi.

Bazara, hunturu da damina

Takardar da ke zuwa da inji ba a rubuta ta don yanayin Sahel ba, saboda haka dole mai kiwo ya yi nasa gyaran.

A watannin Afrilu da Mayu, zafin inuwa kan wuce digiri 40 a Tawa da Damagaram da Yamai. Ƙaramin inji ɗumamawa kawai ya iya, ba ya sanyayawa. Idan ɗakin ya kai digiri 41, cikin injin ma zai kai, ko da allon an saita shi a 37.5. Wanda ba shi da ɗaki mai sanyi, gara ya dakata har ruwan sama ya sauka. Wanda ya nace, ya yayyafa ruwa a daɓen ɗakin, ya rataya jiƙaƙƙun buhuna a taga, ya tsaya kan ma'auni daga azahar zuwa la'asar, ya ɗan buɗe murfin idan zafi ya haura 38.5.

Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, laimar iska takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100. Ruwan injin na ƙafewa da sauri, tantanin cikin ƙwai ya bushe ya naɗe ɗan tsako. A ƙara farantin ruwa, a sa soso mai tsabta a ciki, a duba safe da yamma. Da ruwa mai ɗumi ake ƙarawa. Da dare ana iya lulluɓe gefen injin da bargo, a bar ramukan iska a buɗe.

A tsakiyar damina, musamman Agusta, iskar da kanta tana da laima. Wani lokaci ruwa kaɗan ya isa har kwana 18. Wanda ya cika faranti kamar na hunturu zai tarar da ƴan tsaki sun kammala girma sun mutu cikin ɓawo, ƙwan cike da ruwa.

Idan wuta ta ɗauke

Ɗaukewar wuta ta awa biyu ko uku ba ta kashe ɗan tayi. Abin yi shi ne a bar injin a rufe, a lulluɓe shi da bargo. Idan abin ya yi tsawo, a cika kwalabe da ruwa mai zafi, a naɗe su da ƙyalle, a sa a ciki ba tare da sun taɓa ƙwai ba, ana duba ma'auni. A kwanakin ƙarshe ƴan tayin suna fitar da nasu zafin, kuma fanka ta tsaya, saboda haka kada a rufe injin ruf a lokacin. Suna iya shaƙewa.

Mai niyyar sayen batir ya yi lissafi tun farko. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana riƙe wat 1200 na awa guda, amma rabi kawai ya kamata a ja idan ana so ya daɗe. Wat 600 ɗin nan za su riƙe inji mai cin wat 80 kamar awa 7 idan yana ja ba tsayawa, fiye da haka idan ɗakin na da ɗumi. Da allon hasken rana mai caja shi da rana, yawancin ƙananan injuna suna iya kai kwana 21 lafiya.

Haska ƙwai

Haskawa ita ce hanyar sanin abin da ke ciki. A ɗaki mai duhu, a ɗora faffaɗan kan ƙwan a bakin tocila mai ƙarfi. Ta wayar salula ma tana yi ga ƙwai mai farin ɓawo.

A kwana 7, ƙwai mai rai yana nuna ɗigo baƙi da jijiyoyin jini sun bazu kamar saƙar gizo. Wanda haske ya ratsa tas, babu zakara a cikinsa ko ya mutu tun farko. Mai jan zobe a kewaye, ɗan tayin ya fara sannan ya mutu. A fitar da waɗannan. A kwana 14 a sake dubawa: mai rai ya yi duhu, ana iya ganin motsi. A kwana 18 duk ƙwan ya yi duhu sai gurbin iska, wanda ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙwan. Duk wanda ke wari ko yake tsattsafo da ruwa, a cire shi nan take. Baragurbi ɗaya idan ya fashe a inji yana iya ɓata sauran. Kada haskawa ta sa ƙwai ya wuce minti 10 zuwa 15 a waje.

Kwana ukun ƙarshe

A ƙarshen kwana 18 a kashe juyi, a kwantar da ƙwan a kan farantin ƙyanƙyasa, a shimfiɗa ƙyalle mai kaushi ko raga don kada ƙafafun ƴan tsaki su zame su ware. A cika ruwa, a rufe injin. A wannan lokaci ɗan tsako yana janye ragowar gwaiduwa cikin cikinsa, ya huda gurbin iska da baki, har akan ji kukansa tun ɓawon bai tsage ba. Wajen kwana 20 zai huda ɓawo. Daga hudawa zuwa fitowa yakan ɗauki awa 12 zuwa 24, yana yi yana hutawa.

Wannan jira ne ke gagarar mutane. Duk buɗe murfi yana zubar da laima, tantani ya bushe a jikin waɗanda suka riga suka huda. Ɓare wa ɗan tsako ɓawo da wuri kuma yana tsinka jijiyoyin da ba su gama ƙafewa ba, jini ya zuba ya mutu. A bar waɗanda suka fito su bushe a ciki har gashinsu ya tashi. Gwaiduwar da suka janye tana riƙe su kwana biyu ba ci ba sha. A kwashe su sau ɗaya ko sau biyu a yini, da hanzari. Abin da bai fito ba har ƙarshen kwana 23, a haƙura da shi.

Zabi da sauran tsuntsaye

Kwanakin ƙyanƙyasa sun bambanta:

Kaza: kwana 21
Zabuwa: kwana 26 zuwa 28
Talo-talo: kwana 28
Agwagwar gida mai jan fuska: kwana 35
Agwagwar turawa: kwana 28

A kowanne, kwana uku kafin ranar fita ake daina juyi a ƙara laima. Ƙwan zabi shi ya fi amfana da inji a kudancin Nijar, domin zabuwa da damina take yin ƙwai da yawa, kuma ba ta da haƙurin kwanci. Shi ya sa tun da can ake sa wa kaza ƙwanta. Ɓawonsa na da kauri, don haka a jinkirta haskawar farko zuwa kwana 10. Ƴan zabi sun fi ƴan tsaki jin sanyi da jiƙa, suna kuma buƙatar abinci mai gina jiki fiye da nasu.

Ɗakin reno

Masu iya magana sun ce kaza mai ƴaƴa ita ke tsoron shirwa. Ƴan tsakin inji ba su da uwa, saboda haka ɗumi da tsaro duk sun koma wuyan mai kiwo. A shirya wurin tun kwana guda kafin su fito. Babban kwali ya isa ƴan kaɗan; idan suna da yawa, a kewaye wuri da kwali ko tabarma mai tsayin santimita 40 zuwa 50, a yi shi da'ira don kada su taru a kusurwa su danne juna. Murabba'in mita ɗaya yana ɗaukar 30 zuwa 40 a makon farko, sai a riƙa faɗaɗawa. A shimfiɗa buntun shinkafa, ɓawon gyaɗa da aka farfasa, ko askin katako mai kaurin santimita 5. Ya zama busasshe marar funfuna. A guji leda da takarda mai santsi.

Zafin da suke so a makon farko digiri 32 zuwa 35 ne a daidai tsayinsu, sai a riƙa rage kamar digiri 3 kowane mako har gashinsu ya cika, wajen mako 4 zuwa 6. Ƙwan fitila mai zafi, fitilar kananzir, ko tukunyar ƙasa mai garwashi duk suna yi. Ƙwan fitila na zamani mai tsimin wuta haske kawai yake bayarwa. Mai amfani da gawayi ya bari ya ruru a waje har hayaƙi ya ƙare, ya kare tukunyar don kada su ƙone, ya kuma bar iska tana shiga. Gawayi a rufaffen ɗaki yana kashe kaji, yana kashe mutum.

Ƴan tsakin da kansu suna nuna ko zafin ya yi daidai. Idan sun cunkushe kusa da wuta suna kuka, sanyi suke ji. Idan sun gudu gefe suna haki, fukafukai a buɗe, zafi ya yi yawa. Idan sun taru a gefe ɗaya, iska ce ke bugunsu. Idan sun bazu suna ci suna barci, komai daidai ne. Da bazara sau da yawa sai da asuba kawai ake buƙatar wuta. A rufe saman da raga saboda kyanwa da ɓeraye da maciji, a kuma lura da tururuwa.

Ruwa da abinci

Ruwa ne farko. A tsoma bakin kowane ɗan tsako a ruwa lokacin sa shi a ɗakin reno. A awoyin farko ana iya sa sukari cokali biyu na cin abinci a lita ɗaya, ko bitamin na kaji. Mazubin ya zama marar zurfi. Idan faranti ne a zuba tsakuwa a ciki, domin ɗan tsako na nutsewa a ruwa kaɗan, wanda ya jiƙe kuma sanyi ke kashe shi. A wanke mazubi kullum.

Bayan awa biyu ko uku a ba su abinci a kan kwali mai faɗi. Abincin farko na kanti, mai sinadarin gina jiki kashi 20 zuwa 22 cikin 100, shi ya fi dacewa da makonnin farko, kuma ba shi da yawa: ɗan tsako na cin wajen giram 10 a yini a makon farko, kimanin kilo ɗaya a mako shida. Tsabar hatsi ko dusa kaɗai ba ta gina su. Mai haɗa nasa ya gauraya ɓarzajjen masara ko dawa ko hatsi da tunkuzar gyaɗa, garin kifi, dusa kaɗan, garin ƙashi da ɗan gishiri, ya nemi ma'aikacin kiwo ya daidaita masa awon. Gara da ake tarawa a tukunya ƙari ce mai kyau. A guji masara ko tunkuza mai funfuna, dafinta na lalata hantar ƴan tsaki. Da yamma a taɓa gindin wuyan wasu daga cikinsu. Idan jakar abincin a cike take da laushi, suna ci suna sha. Wanda kashi ya toshe wa dubura, a jiƙa da ruwan ɗumi a share a hankali, a busar da shi.

Rigakafi da cututtuka

Cutar Niyukasal ita ce babbar mai share kajin gida, ta fi tsanani da hunturu: kasala, koren zawo, wahalar numfashi, murɗewar wuya. Ba ta da magani, rigakafi ne kawai. Tsarin da aka fi bi shi ne rigakafinta a makon farko, na cutar Gumboro wajen kwana 14 a maimaita bayan mako guda ko fiye kaɗan, a sake na Niyukasal a mako na 3 ko na 4, sannan na agana, mai fitar da ƙuraje a fuska, wajen mako 6 zuwa 8. Likitan dabbobi na yankin ne zai tsayar da ranakun, da lokacin maimaitawa ga manyan kaji. Maganin rigakafi a sanyi ake ajiye shi. Wanda ake bayarwa a ruwan sha a haɗa shi da ruwan da babu jabel, su shanye cikin awa biyu. Kwalbar takan zo da adadin kaji 500 ko 1000, kuma ba a ajiye ragowa, don haka ya fi sauƙi maƙwabta su haɗa rana ɗaya.

Kashi mai jini tsakanin mako 3 da 6 alama ce ta ciwon hanji da jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ke yaɗawa; yana da magani, amma busasshiyar shimfiɗa ce kariyarsa. Farin zawo da yawan mutuwa a makon farko kan fito ne daga uwa ta cikin ƙwai, ciwon cibiya kuma daga inji mai datti. A ware ƴan tsaki daga manyan kaji, kada kuma a haɗa sabon kamu daga kasuwa da garke sai ya yi mako biyu a keɓe. Idan kaji suka fara mutuwa da yawa farat ɗaya, a sanar da ofishin kiwo ba tare da jinkiri ba, kada a sayar, kada a yanka. Murar tsuntsaye ta taɓa ɓulla a Magariya cikin 2006, kuma binciken ɗakin gwaji, irin na LABOCEL da ke Yamai, shi ke bambanta ta da Niyukasal.

Lissafi bayan kowace ƙyanƙyasa

Ba dukan ƙwai ke fita ba, ko a manyan gidajen gona. Misali, a cikin ƙwai 100, idan 85 na da zakara, kashi 80 cikin 100 nasu suka fito, ƴan tsaki 68 ke nan, kuma wannan sakamako ne mai kyau ga ƙaramin inji.

Ragowar ƙwan ma yana da abin da zai nuna, a fasa shi a waje a duba kafin a binne. Idan yawancinsa fari ne tas, a binciki zakara da ajiya. Idan sun mutu a makon farko, a binciki daɗewar ƙwai, zafin ajiya da juyi. Idan sun kammala girma ba su huda ba, a binciki laima da iska. Idan sun huda sun maƙale, laimar ƙarshe ta yi kaɗan ko an yawaita buɗe murfi. A rubuta duk wannan a littafi tare da ranar sawa, zafin safe da na yamma, da awoyin da wuta ta ɗauke, sannan a wanke injin kafin zubi na gaba.

Sabon shiga ya fara da ƙwai kaɗan na kajin gidansa, a lokacin kaka ko farkon hunturu da yanayi ya fi sauƙi, kafin ya sa kuɗinsa a ƙwai mai tsada. Don ƙarin bayani da jadawalin rigakafi ana iya tuntuɓar ofishin kiwo na gunduma, likitocin dabbobi masu zaman kansu, ko zauren manoma na jiha da ke ƙarƙashin RECA.